Gizo nawa ne a bakin Bahaushe?

Ɗan Kabi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni. Na sa yaran ajina a nan Argungu su zana mini Gizo na tatsuniya. Wasu suka zana gizo-gizo da ƙafafu barkatai, wasu suka zana wani ɗan tsurut ɗin mutum mai hula da ƙaton ciki, wata yarinya kuma ta kawo mini zomo ta ce ai shi ne. Na rasa wanda zan ci gyaransa. Shin Gizo mijin Ƙoƙi shi ne wannan mai saƙa a kusurwar ɗaki? In shi ne, me ya kai shi sama har ya sami baka, muke cewa bakan gizo? Ga gashi ya yi gizo, ga abu ya riƙa yi wa mutum gizo a ido, ga yanar gizo da muke hira a kanta yanzu. Duk dukiyar Gizo ɗaya ce, ko ajiya ake ba shi?

Sarkin Musu:
Wa alaikumus salam. Malam, duk yaron da ya zana ƙwaro bai saurari tatsuniya da kunnen basira ba. Mai hular nan shi ya ci.

Gwaggo ta Gwandu:
Ɗiyana, ku bari in hwaɗa muku abin da munka taso munka iske. Mu can da, in an yi lisha an ci tuwo, ɗakin kakarmu muka taruwa ta yi muna gatana. Ba ta taɓa ce muna Gizo ƙahwa takwas garai ba. Gona garai, mata garai, shina zuwa hwada, shina cin bashi bai biya. Abin da munka san shi da shi tsamin baki na. In ya zo gaban sarki sai ka ji "yanka ya daɗe shaiki", in ƙishirwa ta kama shi sai "Ƙoƙi ba ni yuwa". Da ta sake murya haka nan mun san Gizo ya iso, mu hwashe da dariya tun bai yi komi ba. Amma in ya tabka ta'asa anka biyo shi da sanduna, sai ta ce ya haye rufin ɗaki ya laɓe tsakanin azara, ta nuna muna sama da yatsa ta ce ga shi can har yau kunya ta hana shi sauka. Kun ga ita ma ba ta raba su ba.

Sarkin Musu:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma ki tuna Gizo da hankaki. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya tsakiyar gulbi, Gizo ya nace sai an tafi da shi, kowace ta ciro gashi ɗaya aka liƙa masa ya tashi sama. Da aka isa, duk ɓauren da wata ta miƙa baki sai ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Suka fusata, kowace ta zare gashinta, suka bar shi a kan reshe ruwa ya kewaye shi. To ina tambaya. Gizo-gizon gaske zai rasa yadda zai yi a kan bishiya? Ai zare zai saki iska ta ɗauke shi. Wannan kuwa faɗawa ya yi cikin ruwa, ya koma yi wa kada ƙaryar zumunci. Wanda ba ya saƙa, ba ya tarko, ba ya hawa zare, da wace hujja za a ce masa gizo-gizo?

Ɗalibar Hausa:
Yaya Sarkin Musu, in da wannan ma'auni za a bi, babu dabbar da za ta tsira a tatsuniya. Kura tana zuwa kasuwa, zaki yana zaman fada, dila yana ba da fatawa har ana ce masa malamin daji. Ba wanda ya ce kurar tatsuniya ba kura ba ce don ta yi ciniki. Suna da hali ɗaya ake ɗauka daga dabbar, sauran duk na mutane ne. Abin da aka ɗauka daga gizo-gizo shi ne ƙanƙanta da dabara: ba shi da ƙarfi, amma yana kama abin da ya fi shi girma ba tare da ya bi shi da gudu ba. Ka duba yadda ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da Gizo take ja, shi kuwa yana gefe. Igiya a tsakiya, shi a laɓe, manya suna wahala. Wannan ai aikin mai yana ne.

Sannan ga sunayen. Gizo da gizo-gizo, Ƙoƙi da ƙoƙi-ƙoƙi, wato ƙwaron nan kore mai ɗaga hannuwa biyu. Miji da mata duka suna da takwara a cikin ƙwari, kuma duka ta hanyar ninka suna. Da wuya a ce haɗuwa ce kawai. Tun 1911 zuwa 1913 da Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin da aka tattara masa cikin juzu'i 3 Gizo ke ciki, kuma Turawan da suka juya irin waɗannan labarai zuwa harshensu da sunan gizo-gizo suka kira shi. Ba mu kaɗai ba ne ma. Akan na Ghana suna da Ananse, gizo-gizo ne ƙarara, kuma bayin da aka kwasa sun tafi da shi har Jamaika. Yarbawa kunkuru suka ba wannan matsayi.

Sarkin Musu:
Ƙanwata, Bature ya zo ya tambayi tafinta, tafinta ya faɗi abin da ya fi sauƙi. Wannan ba hujja ba ce a kaina. Batun ninka suna dai na ji shi, kuma yana iya zama akasin yadda kika ɗauka. Bahaushe yana cewa ja-ja ga abin da bai kai ja ba, fari-fari ga abin da ya yi kama da fari. Me zai hana gizo-gizo ya zama "mai kama da Gizo"? Ke nan Gizo ne na asali, ƙwaron ya ci albarkacin suna.

Ɗalibar Hausa:
Ko a hakan ka yarda akwai dangantaka ke nan. Da farko cewa ka yi ba su san juna ba.

Maman Khalifa:
Ni abin da ke ba ni dariya, a daji macen ƙoƙi-ƙoƙi takan cinye namijin bayan sun sadu, haka ma wasu matan gizo-gizo. Amma a tatsuniya an mai da Ƙoƙi baiwar Allah, kullum Gizo ya kwaso rigima ita ke dafa masa ruwan zafi. Da alama maza sun sa baki a wannan labari.

Gwaggo ta Gwandu:
Ɗiyata, mata ka yin gatana, ba maza ba. Mun san abin da muka nuhi. Duk yarinyar da taj ji halin Gizo ta san irin mijin da za ta roƙi Allah shi tsare ta da shi.

Alaramma na Gummi:
Salamu alaikum. Ina biye da ku. Kan bakan gizo nake so in sa baki, domin ina ganin a nan ba ruwan Gizo ko kaɗan. Larabawa suna ce masa ƙausu ƙuzah. Ƙausu shi ne baka, irin na harbi, Ƙuzah kuwa suna ne tun na zamanin jahiliyya. Wato bakan Ƙuzah. Ku dubi ginin, daidai da namu. Fahimtata ita ce malamanmu na da sun fassara rabin farko suka ce baka, rabi na biyu kuwa da ya shiga bakin jama'a, ba wanda ya san wani Ƙuzah, sai aka miƙa wa wanda aka sani. Haka baƙon suna yake yi in ya zo garin da ba shi da dangi. Ra'ayina ne, ban ce nassi ba ne.

Ɗan Kabi:
Allah gafarta Malam, wannan ya shige ni. Ashe shi ya sa ba mu da tatsuniya ko ɗaya da Gizo ya ɗauki baka ya harbi sama.

Sarkin Musu:
Allah gafarta Malam, ban ƙi ba, amma Bahaushe ya ga wannan abu a sama tun kafin ya ga Balarabe. Da me yake kiransa a lokacin?

Gwaggo ta Gwandu:
Masha-ruwa. Haka tsohinmu ka ce mai. In hadari ya haɗu anka gane shi ya hito, sai a ce shi ke nan, ya shanye ruwan. Manoma ba su son ganin shi in shuka na jin ƙishi.

Malamin Gona:
Gwaggo, sun lura daidai, dalilin ne suka juya. Ba ya fitowa sai rana ta sami kafa ta haska ɗigon ruwan da ke cikin iska, hasken ya rabu launi-launi. Shi ya sa kullum rana tana bayanka in kana kallonsa, da yamma a gabas, da safe a yamma. To in rana ta sami kafa, sau da yawa hadarin ya riga ya fara watsewa. Ba shi ya sha ruwan ba, ya zo ne ana tashi daga biki.

Ɗalibar Hausa:
Na gashi kuma, ku faɗe shi da baki ku ji. A kunnena "kanta ya yi gizo" da "Gizo da Ƙoƙi" ba karin sauti ɗaya ba ne, rubutun boko ne ya haɗa su tunda ba ma sa alamar sauti. Shi kuwa "yana yi mini gizo a ido", abin da kake gani alhali babu shi, wannan na fi ba Gizo na tatsuniya, don rainin hankali sana'arsa ce. Ko rufe tatsuniya da sunansa ake yi: ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

Ɗan Kwamfuta:
Iyayena da yayyena, a ba yaro dama daga Gusau. Yanar gizo dai ba ta da wata gardama, fassara ce. A 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, ya tsara yadda shafi zai riƙa kai mutum zuwa wani shafi, wancan ma ya kai shi wani. Da aka zo sa suna sai aka kira abin da sunan saƙar gizo-gizo mai faɗin duniya. Amma akwai abin da muke haɗewa. Intanet ita ce wayoyi da na'urorin da suka haɗa kwamfutocin duniya, ta girmi wannan tsari da shekaru. Yanar gizo shafukan da ke hawa kanta ne. Mu a Hausa mun ɗauki sunan ɗaya mun rufa wa duka biyun, har saƙon WhatsApp ma cewa muke ta yanar gizo ya zo.

Wani abin kuma, manhajar da Google ke saki tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana kwaso abin da ke ciki, masu sana'ar da sunan gizo-gizo suke kiranta, don tana bin zare ne daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Sarkin Musu:
Wuri mai cike da ƙarya da damfara da cin bashi, aka sa masa sunan Gizo. Wanda ya raɗa sunan nan ya san aikinsa.

Maman Khalifa:
Ita kanta yana ba ta gizo-gizo kaɗai ba ce. Akwai yanar ido da ke rufe wa tsofaffi gani, akwai yanar da ke taruwa a kan kunu in ya huce. Duk abin da ya yi shara-shara ya rufe wani abu.

Ɗan Kwamfuta:
Kuma zaren nan ba abin rainawa ba ne. A cikin cikinsa ruwa ne, sai ya fito ta wasu 'yan kafofi a ƙarshen jikinsa yake zama zare. In aka gwada nauyi da nauyi, zaren da wasunsu ke rataya da shi yana gogayya da ƙarfe wajen juriya, ga shi yana miƙewa bai tsinke ba. A Madagaska an taɓa tatsar zaren gizo-gizo fiye da miliyan 1 aka saƙa mayafi ruwan zinariya, aka baje shi a wani gidan tarihi a Landan a 2012. To a nan ne nake da tambaya ga Alaramma, da ladabi. Na ga wasu suna cewa wai wannan ya saɓa wa ayar da ta ce gidan gizo-gizo ya fi kowane gida rauni.

Alaramma na Gummi:
Madalla da ka tambaya maimakon ka riƙe a ciki. Suratul Ankabut ce, sura ta 29, aya ta 41. Ankabut shi ne gizo-gizo. Allah ya buga misalin waɗanda suka riƙi wasu majiɓinta ba shi ba da gizo-gizon da ya riƙi gida, ya ce mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo, da sun sani. Ka lura da lafazin, ɗana. Gida aka ce, ba zare ba. Me ake nema a gida? Ya tare maka rana, ya tare ruwa, ya tare iska da sanyi, ya suturta ka daga idon maƙiyi. Wanne daga ciki yana take yi? Ruwa ya ratsa ta, rana ta ratsa ta, tsuntsu yana hango mai gidan daga nesa, yaro ya share ta da tsinke. Haka malaman tafsiri suka bayyana tun da daɗewa. Ingancin zare bai sa abin da aka saƙa ya zama mafaka ba. Wanda ya dogara ga wanin Allah yana iya ganin igiyarsa da ƙarfi, sai ranar da ya nemi inuwa.

Gwaggo ta Gwandu:
Malam, to batun kogo hwa? Mu tun muna yara anka hana mu kashe shi, wai shi yas saƙa yana bakin kogo ya ɓoye Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Alaramma na Gummi:
Hajiya, shigar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar kogon Saur a lokacin hijira, a 622, wannan tabbatacce ne, Suratut Tauba aya ta 40 ta ambace shi. Saƙar gizo-gizo a bakin kogon kuwa ba ta cikin ayar. Ta zo a wata ruwaya cikin Musnad na Imamu Ahmad, kuma malaman hadisi sun yi saɓani. Ibn Kasir ya kyautata isnadinta, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, Albani ya raunana ta. Saboda haka ba na zargin wanda ya ba da labarin, ba na kuma gina hukunci a kansa. Haka maganar da ake jingina wa Sayyidina Ali cewa barin yana a ɗaki yana gadar da talauci, tana cikin wasu littattafan tafsiri amma ba ta inganta ba. Ki share ɗakinki don tsabta. Abin da ke cutarwa a kawar da shi, wanda ba ya cutarwa a bar shi ya ci abincinsa.

Manomin Bakolori:
Allah gafarta Malam, ai yana cutarwa. Tautau fa? Bara yarona ya kwanta lafiya, ya tashi da wuyansa ya kwaile, ƙuraje sun yi layi suna ruwa. Kowa ya gani ya ce tautau ya yi masa fitsari. Tun ranar duk wanda na gani a ɗaki takalmi ne rabonsa.

Maman Khalifa:
Baba, a nan kam aikina ne, ka ba ni dama in yi bayani, don muna ganin wannan sosai a asibiti a Birnin Kebbi, musamman masu zuwa daga garuruwan fadama. Gizo-gizo ba ya fitsarin da ke ƙona fata. Abin da yake fitarwa ɗan farin ɗigo ne, ba ya komai. Yawancin abin da ake kawo mana da sunan fitsarin tautau ɗayan biyu ne.

Na farko wani ɗan ƙwaro ne siriri, tsawonsa kusan santimita 1, jikinsa baƙi da ja a jere. Yana son wuri mai damshi, gonar shinkafa gidansa ce, da dare kuma yana bin hasken fitila har cikin ɗaki. Ba ya cizo, ba ya harbi. Gubar tana cikin ruwan jikinsa. Mutum yana barci ya ji abu na bin wuyansa, ya kai hannu ya murtsuke shi ya ja, shi ya sa ƙunar take fitowa a layi. Ba ta nunawa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko fiye, lokacin an manta da ƙwaron, sai a ɗaga kai a ga tautau a bango a ce shi ne. Hangara ma da ke cin furen gero tana yin irin wannan ɓarna. In ka ga irinsu a jikinka, hure shi za ka yi ko ka kaɗe shi da takarda. In an riga an murtsuke, a wanke wurin da sabulu da ruwa da yawa nan da nan, kuma kada hannun ya kusanci ido.

Na biyu ya fi muhimmanci. Wanda ya taɓa yin ƙarambau, ƙwayar cutar ba ta barin jiki, tana kwanciya a jijiya. Bayan shekaru, in tsufa ya zo ko jiki ya yi rauni, sai ta farka ta fito da ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na jiki, ba ta tsallaka tsakiya, da zafi mai tsanani tun kafin ƙurajen su bayyana. Wannan akwai maganinsa, kuma ya fi aiki in an fara cikin kwana 3 na farko. In a goshi ne ko kusa da ido, ana iya rasa idon. Abin da ke ba ni takaici, sai a zauna gida mako guda ana shafa toka da man gyaɗa ana zagin tautau.

Manomin Bakolori:
Na yaron a layi yake, kuma lokacin shinkafa ta fara ciki, muna kwana da fitila a kunne.

Maman Khalifa:
To ka gani, Baba. A matsar da fitilar nesa da shimfiɗa, a sa gidan sauro. Kuma don Allah jama'a, a daina ɗebo yana daga bango ana toshe sabon rauni da ita. Ƙurar da ke jikinta tana iya kai wa mutum tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora.

Sarkin Musu:
Hajiya, kina nufin duk gizo-gizon duniya salihai ne?

Maman Khalifa:
A'a. Kusan dukansu suna da dafi, da shi suke kashe abincinsu. Amma cikin iri fiye da 50,000 da masana suka rubuta, 'yan kaɗan ne dafinsu ke kwantar da mutum. Akwai wata baƙa mai jan tabo a cikinta a Amurka, akwai wani a yankin Sidni na Ostareliya da ya kashe mutane kafin a samo maganin dafinsa a 1981. Wanda aka ciza wuri ya kumbura ko jiki ya ɗauki ciwo, ya zo asibiti. Ni dai harbin kunama da saran maciji nake gani a wurin aiki.

Malamin Gona:
Kunamar ma 'yar ɗakinsu ce, ita da kaska. Duk ƙafa 8 gare su, ba fiffike. Ƙuda da sauro da fara 6 gare su. A ilimin halitta gizo-gizo ba ya cikin ƙwari, maƙiyinsu ne, kuma a nan nake so in ja hankalin Baba na Bakolori da duk mai shinkafa a Suru da Argungu da Jega da Yauri.

Ka shiga fadama da sassafe kafin raɓa ta bushe, ka duba saman shinkafa, za ka ga yana ko'ina. Waɗannan masu tarko ne. Ka sunkuya gindin shuka, akwai wasu masu launin ƙasa da ba sa saƙa ko kaɗan, farauta suke da ƙafa, har a kan ruwa suna gudu, macen tana yawo da ƙunshin ƙwanta a baya. Akwai ƙanana masu tsalle. Dukansu ba mai taɓa ganye, nama suke ci: malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar kara, da ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan shuka. Wani lissafi da masana suka fitar a 2017 ya nuna gizo-gizon duniya suna cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. Har ɗan ƙwaron da Maman Khalifa ta kwatanta, a ɗaki abin gudu ne, a gona mafarauci ne.

Abin da ke faruwa, manomi ya dasa shinkafa, mako biyu ya ga ɗan huji a ganye, ya goya injin feshi. Maganin ya kashe mai ɓarna da mai gadi tare. Amma ƙwan mai ɓarnar yana cikin jikin shuka inda magani bai kai ba, kuma ya fi saurin hayayyafa. Ya ƙyanƙyashe ya tarar ba mai cin sa. Sai manomi ya ce maganin jabu ne, ya sayo wanda ya fi ƙarfi. Indunisiya ta sha wannan wahala da wani ƙwaro mai tsotson shinkafa, har a 1986 gwamnatin shugaba Suharto ta hana amfani da magungunan feshi iri 57 a gonakin shinkafa. A Biyetnam kuma aka yi gangamin hana feshin ƙwarin ganye cikin kwana 40 na farko, don shinkafa ƙarama tana maye ganyen da aka ci ba tare da amfanin ya ragu ba.

Manomin Bakolori:
Malam, maganarka da daɗi, amma kai albashi kake ɗauka. Ni da bashi na sayi taki da man injin ban-ruwa. In na zauna jiran gizo-gizo ya yi mini gadi tsutsa ta cinye gonar, wa zai biya mai bashi? Maƙwabcina na dama da na hagu duk suna feshi. Ƙwarin da suka koro ina za su?

Malamin Gona:
Baba, ban ce ka jefar da injin ba. Cewa na yi kada ka fesa don kalanda ta ce, ko don mai shagon magani ya ce, shi ciniki yake nema. Ka shiga ka duba tukuna. In ka ga zuciyar shuka tana bushewa, ka ja ta ta zaro da sauƙi, tsutsar kara ce, kuma in abin ya yawaita a nemi malamin gona a zaɓi maganin da ya dace. In 'yan huji ne a ganye kuma kana ganin masu gadi suna kai da kawo, kuɗinka kawai za ka ƙona. Batun maƙwabta gaskiya ne, shi ya sa abin ya fi tafiya in masu fadama ɗaya suka haɗa baki. Ciyawar kan kunya ma kada a ƙone ta duka, can suke fakewa bayan girbi.

Sarkin Musu:
Haɗa bakin manoman fadama ɗaya? Ai gara a sa ni sulhunta Gizo da hankaki.

Alaramma na Gummi:
Kai dai ba ka rasa abin cewa. Malamin Gona, in ka rubuto bayanin nan a taƙaice zan karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, yawancin masu bina sallah manoma ne.

Malamin Gona:
In sha Allahu, Malam. Zan haɗa da hotunan masu gadin da na masu ɓarnar, don a riƙa bambancewa.

Manomin Bakolori:
A turo mini ni ma. Fangali biyu na can ƙarshen gona zan ware a noman rani, ba zan fesa musu komai ba sai sun yi kwana 40, in auna abin da suka ba ni da na kusa da su. Sauran gonar kam sai na fesa.